Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

Yawanci saurayin da ya ɗaura niyyar tafiya ci-rani ake jefa wa wannan karin magana, a matsayin gargaɗi. Amma a ganina dattijo ne ya fi cancanta ya yi sharhinsa. Yaro rabin farko kawai yake ji, wato barin gida, domin shi ne a hannunsa. Rabi na biyu ba ya bayyana sai furfura ta fito, ranar da mutum ya koma ya tarar gari yana nan, hanyoyi suna nan, amma waɗanda suka san shi tun yana rarrafe sun ƙare. Gidan da Bahaushe yake nufi a nan mutane ne, kuma mutane ba sa tsayawa jiran wanda ya tafi.

Hujja mai ƙarfi a kan haka ta fito daga Amurka. A watan Satumba na 1960, marubuci John Steinbeck, yana da shekara 58 kuma bai daɗe da tashi daga jinya ba, ya bar gidansa na Sag Harbor a jihar Niyok cikin wata motar a-kori-kura da aka ɗora wa ɗakin kwana. Abokin tafiyarsa karensa ne, Charley. Sun zagaye ƙasar, kusan mil 10,000, ya kuma rubuta labarin a littafin Travels with Charley da ya fito a 1962, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel. Ya ce ƙasarsa ya fita ya sake gani, amma inda labarin ya fi nauyi shi ne isarsa yankin Salinas a Kalifoniya, inda aka haife shi a 1902. Mahaifiyarsa ta rasu tun 1934, mahaifinsa a 1935, amininsa Ed Ricketts a 1948. 'Yan'uwansa mata suna nan, sai dai zaman nasu ya koma musun siyasa a kan zaɓen shugaban ƙasa, shi yana bayan Kennedy, su suna tare da jam'iyyar Nixon. Hirarsa da wani tsohon aboki a Monterey ta zama lissafin mamata. Daga nan ya hau dutsen Fremont, ya hango kwarin da ya girma a ciki, ya shiga ba da labarin iyayensa, kuma babu mai sauraro sai kare.

Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe ya san kare a wajen farauta da gadi, ba a kujerar gaban mota ba, to amma kada wannan ya hana mu ganin abin da ke ciki. Charley ma ya tsufa, har ciwo ya kama shi a hanya aka yi masa magani a Amarillo ta jihar Texas. Ya ɗebe wa maigidansa kewa, ya buɗe masa ƙofar hira da baƙi. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, kuma shi ne mai shekaru ya fi ƙishirwa: wanda zai ce masa haka ne, ina wurin, ni ma na san mahaifiyarka. Wannan shaida dangi da abokan ƙuruciya kaɗai ke riƙe da ita, kuma kullum raguwa take yi.

Wani zai ce littafin ba abin kafa hujja ba ne, tunda ɗan jarida Bill Steigerwald ya bi sawun tafiyar a 2010 ya gano cewa Steinbeck ya kwana a otal-otal da yawa, matarsa Elaine ma tana tare da shi a wani ɓangare mai tsawo. Gaskiya ne, amma wannan ya taɓa ƙawar labarin ne kawai. Rasuwar iyayensa da shekarun da ya yi a Niyok, inda ya rasu a 1968, tarihi ne tabbatacce. Wani kuma zai ce Hausawa ai matafiya ne: fataken goro sun kai Gwanja, zango ya kafu a Kumasi, masu tafiya Makka a ƙasa sun zauna a Sudan har suka yi jikoki. Ni kuwa ina ganin shi ya sa maganar ta fito daga bakinsu. Wanda ya san tafiya ne ya san kuɗinta, kuma waɗannan mutane gida suka sake ginawa a can saboda na baya ya yi nisa.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne cewa ko wanda bai taɓa fita ba, idan rai ya yi tsawo, gida zai bar shi, tsaransa su tafi ɗaya bayan ɗaya. Haka ne. Sai dai shi, da shi aka yi jana'izarsu, da shi aka raɗa wa jariran da suka biyo baya suna, saboda haka yaran unguwa sun san shi, suna kiransa Baba. Rashin ya zo masa kaɗan-kaɗan, kowane tare da sabuwar fuska. Wanda ya yi shekaru a waje bai leƙo ba kuwa, rana ɗaya ake lissafa masa mamatan duka, kuma masu lissafin sai an gaya musu ko shi ɗan wane ne.