Wanda ya tona kansa, a yi masa rangwame?

Ya kai mai karatu, ga wata magana da ta taso a ƙasar Amurka. Ka auna ta da hankalinka.

Kwamfuta, wadda wasu ke kira ordinatar, ba ta yin aiki sai an gaya mata. Mutum ne yake rubuta mata umurni, layi bayan layi, ita kuma ta bi. Wannan rubutu sana'a ce, ana koyon ta a jami'a. A jami'ar Harbad akwai wani darasi na masu farawa, sunansa CS50. Malam Dabid Malan ya kama koyar da shi a 2007. Ɗaruruwan ɗalibai suke shiga kowace shekara. Kusan kowane mako ana ba su aiki su yi a ɗaki, sannan malamai su duba su ba da maki.

Aikin yana da wuya. Dare ya yi, lokacin miƙa aiki ya matso, ɗalibi ya gaji. Kwafe aikin aboki kuwa ba ya cin minti guda. Sai wasu su kwafa, su sauya ƴan kalmomi, su ce nasu ne. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun 1994 wani malami, Aleks Aiken, ya ƙago wata dabarar kwamfuta mai suna MOSS. Tana gwama ayyukan ɗalibai, ta nuna waɗanda suka yi kama, ko da an sauya kalmomi. A Harbad, wanda aka kama ana kai shi gaban kwamitin ladabtarwa. Wani ma a sallame shi daga karatu na wani lokaci.

A 2014 malaman CS50 suka kawo sabuwar doka. Ɗalibin da ya kwafi aikin wani, in ya zo da kansa ya faɗa kafin awa 72, wato kwana 3, ba za a kai shi gaban kwamiti ba. Ana iya ba shi sifiri a wannan aikin, magana ta ƙare tsakaninsa da malamansa.

To, wannan doka daidai ce?

Wani zai ce a'a. Zai ce ɓarawo ɓarawo ne, kuma rangwame yana ƙara wa mai son banza ƙarfin hali. Maganarsa tana da nauyi, don dokar ba ta kashe satar ba. Cikin ɗaliban da suka yi wannan darasi a ƙarshen 2016, fiye da 60 aka kai gaban kwamiti.

Amma ka duba mene ne maki. Maki awo ne, kamar tiya a kasuwa. Mai sayen hatsi ya yarda da tiya, don ba ya iya ƙirga ƙwaya ɗaya ɗaya. Haka mai ɗaukar ma'aikaci ya yarda da takardar shaida. In makin ƙarya ne, za a damƙa lissafin banki ko na asibiti a hannun wanda bai iya ba. Mutanen da ba su ji ba su gani ba, su za su cutu. An kuma cuci ɗalibin da ya kwana yana fama, ya samu maki kaɗan da guminsa.

Yanzu ka duba wanda ya tona kansa. Makin da ya sata ya fita daga hannunsa, sifiri ya maye gurbinsa. Awo ya koma daidai. Ba a cuci mai gumi ba, ba a ruɗi mai ɗaukar ma'aikaci ba. Abin da aka ɗauke masa kora ce kawai. Ya yi asarar maki, ya sha kunyar tsayawa gaban malami, amma ya tsira da karatunsa. In babu wannan ƙofa, me ya rage masa? Sai ya ɓoye, ya ƙara ƙarya a kan ƙarya.

Saboda haka yafiya iri biyu ce. Akwai wadda take barin kayan sata a hannun ɓarawo. Wannan zalunci ce ga sauran jama'a. Akwai wadda take cewa: mayar da abin da ba naka ba, ka dawo cikinmu. Wannan ita ce mai gyara mutum.

In ɗanka, ko ɗalibinka, ko yaron shagonka ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi ha'inci, kada ka bar masa ribar ha'incin. Amma kada ka hore shi kamar wanda ka kama da hannunka. In ka yi haka, gobe ba wanda zai zo ya faɗa maka gaskiya.