Cek na Lantarki da Kuɗin da Babu Shi

A cikin Ayyukan Manzanni sura 5, ba ƙarancin baiko ne ya jawo wa Hananiya da Safiratu hukunci ba. Manzo Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin kuma yana hannunsa. Laifinsu shi ne ƙarya a kan kuɗi. Labarin cacar karta ta intanet a Amurka, wadda ake kira poker, ya nuna yadda irin wannan ƙarya take haihuwar 'ya'ya.

Mai caca yakan ba kamfani lambar asusunsa na banki, tare da izinin a ciri kuɗi. Wannan shi ne cek na lantarki: ba takarda, ba sa hannu, ba zuwa banki. Kuɗin yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya fita, amma kamfanin yakan rubuta wa mutum shi nan take domin kada wasa ya huce. Wanda yake ƙirga kuɗi da hannunsa yana da zarafin jin muryar lamirinsa. Wannan hanya ta ɗauke masa zarafin.

A watan Oktoba na 2006, Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar da ta hana kamfanonin caca karɓar kuɗi ta banki domin haramtacciyar cacar intanet. Waɗansu kamfanoni suka bar kasuwar Amurka. Waɗansu kuwa suka nemi dillalai masu buɗe shagunan bogi a intanet, kuɗin caca ya riƙa wucewa ta bankuna da sunan cinikin kayan ado, ƙwallon golf, har da abincin karnuka. Matar da ta duba takardar bankin mijinta ba za ta ga kalmar caca ba ko kaɗan. Ubangiji Yesu ya koyar a Yahaya sura 3 cewa mai aikata mugunta yakan guje wa haske don kada aikinsa ya tonu. Mai bi da yake tura kuɗi ta waya zuwa kamfanin caca a Najeriya a yau, yana kuma goge saƙon banki kafin ya shiga gida, yana bin wannan sawu ne.

Ranar 15 ga Afrilu, 2011, masu gabatar da ƙara a birnin New York suka tuhumi mutum 11, ciki har da shugabannin PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker. Abin da ya fito daga baya ya fi ban tsoro. Bisa ga takardun gwamnati, Full Tilt ya kasa ciro kuɗi daga asusun 'yan wasa, duk da haka ya ci gaba da rubuta musu cewa kuɗin ya shigo, har kimanin dala miliyan 130. Mutane suka kwana suna ci, ana cinye su, a kan kuɗin da bai taɓa isowa ba. A ƙarshen Maris na 2011 'yan wasa suna bin kamfanin kimanin dala miliyan 390, alhali abin da yake bankinsa bai wuce miliyan 60 ba. Masu kamfanin kuwa sun riga sun raba wa kansu fiye da miliyan 440 tun daga 2007.

Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti cewa masu ɗokin yin arziki sukan faɗa cikin tarko. A nan tarkon bai tsaya kan wanda aka cinye ba. Har gwanin da ya ci wasa ya wayi gari da lambobi a fuskar kwamfuta, ba abin da zai kai kasuwa. A 2012 PokerStars ya amince da biyan dala miliyan 731, ya kuma karɓi Full Tilt. 'Yan wasan Full Tilt na Amurka ba su fara ganin kuɗinsu ba sai 2014, na Absolute Poker kuwa sai 2017.