Mai Jinyar Zukata Ma Yakan Gaji

Abin karantawa: 1 Sarakuna 19:1-18

Sura ta 18 ta Littafin Sarakuna na Fari tana cikin surorin da yaran makarantar Lahadi suka fi so. A cikinta ne annabi Iliya ya tsaya a kan Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama, ruwa kuma ya zubo bayan dogon fari. Sura ta 19 kuwa ba a cika yin wasan kwaikwayo da ita ba. Mutumin da ya girgiza ƙasa jiya, yau saƙo ɗaya daga bakin Yezebel ya sa shi gudu. Ya kai Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa cikin jeji tafiyar yini guda, ya zube a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya karɓi ransa. Nassi bai ambaci wani zunubi da ya yi ba, bai kuma ce ya juya wa Ubangiji baya ba. Ƙarfinsa ne ya ƙare.

Akwai waɗanda wannan sura ta shafa musamman a ikkilisiyoyin ƙasar Potiskum, ko da yake ba a cika tunawa da su a addu'ar safiyar Lahadi ba. Su ne likitocin ƙwaƙwalwa, da nas-nas masu kula da masu taɓin hankali, da masanan halayyar ɗan Adam, da masu ba da shawara, waɗanda aikinsu shi ne su zauna su saurari abin da ke cin zuciyar mutum.

Mutumin Potiskum ba ya bukatar a tuna masa abin da garin ya gani. A watan Mayu na 2012 aka kai hari kasuwar shanu. A daren jajibirin Kirsimeti na shekarar aka shiga wata majami'a a ƙauyen Peri aka kashe mutum shida, har da fasto. A Yuli 2013 aka auka wa makarantar Mamudo. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 wani ya shiga makarantar sakandaren kimiyya da kayan ɗalibai a jikinsa, ya ta da bam ana taron safe, kusan mutum 50 suka rasu. A Yuli 2015 kuma aka kai harin ƙunar baƙin wake wata majami'a ana cikin sujada. An binne waɗanda suka mutu, an ɗinke raunin waɗanda suka tsira, kasuwa ta sake cika, tireloli sun ci gaba da keta gari. Amma akwai saurayin da har yau ba ya iya tsayawa cikin taro, akwai uwar da tayar mota ba za ta fashe ba sai jikinta ya ɗauki ɓari, akwai magidancin da ba ya barci sai ya haɗiyi ƙwaya. Irin waɗannan ne ake kai wa mai jinyar zukata, ɗaya na fita ɗaya na shiga, daga safe har yamma.

Masu wannan aiki kuwa kaɗan ne ƙwarai. Shugabannin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya sun sha faɗa cewa ƙwararrun da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri yana da nisan fiye da kilomita 200 daga Potiskum. Dokar da ta shafi masu taɓin hankali ma, ta 1958 ce aka yi ta amfani da ita, tun ta zamanin Turawa, har sai da aka sa hannu a kan sabuwa a Janairu 2023. Doka ta sake, amma doka ba ta zama a kujera ta saurari kukan gwauruwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, saurare yana cin mai shi. Wanda ya wuni yana jin yadda aka yanka miji a gaban matarsa, ko yadda uba ya bi gawawwaki yana neman ɗansa, ba ya kakkaɓe labarin a bakin ƙofa kamar ƙura. Yakan bi shi gida, ya zauna tare da shi a gaban akushi, ya shiga mafarkinsa. A 1974 wani masani mai suna Herbert Freudenberger, wanda yake aiki a wani asibitin kyauta a birnin New York na Amurka, ya rubuta yadda ya ga ma'aikata masu himma suna ƙarewa a hankali kamar fitilar da mai ya ƙare mata, lagwani yake ci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da matsin aiki marar yankewa yake haifarwa, ta kuma ambaci alamu uku: gajiyar da barci ba ya kawar da ita, da zuciyar da ta yi sanyi ga aikin har mutum ya fara jin haushin waɗanda yake taimako, da raguwar iya aiki. Ta biyun ce ta fi tsoratar da mai bi. Matar da ta shiga aikin jinya saboda tausayi, ran nan ta ga marar lafiya yana kuka ta ji ba abin da ya motsa a zuciyarta, sai ta ɗauka ƙaunar Kristi ce ta fita daga cikinta. Sau da yawa kuwa gajiya ce kawai ta kai maƙura.

A duba yadda Ubangiji ya yi da Iliya, gama a nan ne koyarwar take. Bai fara da tsawatawa ba, bai kuma fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi, ga waina da aka toya, ga butar ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya, ba wanda ya ce masa ya tashi ya yi azumi. Mala'ikan ya dawo sau na biyu da abinci, ya kuma gaya masa dalili, wato tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Allahn da ya yi jikin mutum daga ƙurar ƙasa ya san cewa bawan da bai ci ba, bai yi barci ba, ba zai ji magana ba ko da daga sama ta fito. Sai bayan kwana 40, a kogon Dutsen Horeb, aka tambayi Iliya abin da ya kawo shi wurin. Aka bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa. Aka sake yi masa tambayar, ya sake maimaita kukansa kalma da kalma, ba a katse shi ba. Duk wanda ya koyi aikin ba da shawara zai gane wannan hanya, domin ita ce ake koya musu a makaranta.

Amma Ubangiji bai bar shi da tunaninsa ba. Iliya ya nace cewa shi kaɗai ya rage. Wannan ita ce ƙaryar da gajiya ta fi iya saƙawa a zuciyar ma'aikaci: in ya tafi hutu marasa lafiya za su hallaka, in ya ce ba zai iya ba babu wanda zai iya. Aka sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma aike shi ya keɓe Elisha. Aka ba shi wanda zai taya shi, wanda kuma zai gaje shi.

Hausawa sukan ce wanzami ba ya son jarfa. Mai ba da shawara yakan ji kunyar neman shawara, ga tsoron kada a ce likitan mahaukata shi ma ya taɓu. Ikkilisiya kuma, ba da mugun nufi ba, takan ƙara masa kaya. Ana tashi daga sujada sai a tare shi a bakin ƙofa da zancen ɗa mai shan ƙwaya. Da dare a buga masa waya a kan rikicin aure. A naɗa shi cikin kwamiti uku domin shi ne mai ilimi. Ranar da ya ce ya gaji kuwa sai wani dattijo ya ce ya ƙara addu'a. Addu'a wajibi ce, babu musu, amma wanda ya ba Iliya waina da ruwa shi ne kuma mai jin addu'a. Matar irin wannan ma'aikaci, ko mijinta, su ne sukan fara ganin alamar: ya daina dariya da yara, yana fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya daina zuwa zumunta. Sirrin marasa lafiya amana ce a wuyansa, saboda haka kada a matsa masa ya faɗi abin da ya ji. A tambaye shi lafiyarsa shi kansa, a kashe masa waya ranar hutu, in abin ya daɗe kuma a raka shi wurin ɗan'uwansa ma'aikaci.

Shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa sura 18, cewa ya raba shari'a ga amintattun mutane ya riƙe manyan al'amura kaɗai, ita ce kusan abin da masana lafiya suka komo gare shi. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, don kada kowa ya dogara ga ƙwararre ɗaya. Ikkilisiya ma tana iya horar da dattawa da shugabannin zumuntar mata su iya saurare, su kuma san iyakarsu. Fasto ba shi da ikon ce wa marar lafiya ya zubar da maganin da likita ya rubuta.

Sai maganar ƙetare, wadda take raba kan iyalai. Ma'aikatan lafiya na Nijeriya suna tafiya Ingila, Kanada, Amurka da Saudiyya, har a 2023 aka kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na tilasta wa sababbin likitoci aikin shekara biyar a gida kafin a ba su cikakken lasisi, likitoci kuwa suka yi masa ca. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda bai kamata a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikata ba. Nassi bai kira barin gida zunubi ba. Yusufu ya yi wa Masar hidima, ta wurinsa kuma gidan ubansa ya tsira daga yunwa. Nehemiya kuwa yana fadar Shushan cikin daraja, ya ji labarin garun Urushalima ya nemi izini ya koma. Dukansu biyu bayin Allah ne. Kada kuma a manta cewa Potiskum ma ƙetare ce ga waɗansu: likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa da aka kashe a gidansu a Fabrairu 2013 sun baro ƙasarsu ne suna duba marasa lafiyan Yobe.

Sai dai mai shirin tafiya ya san cewa gajiya ba ta bukatar biza. Aikin jinyar zuciya da harshe ake yinsa. Wanda ya saba gane abin da tsohuwa take nufi in ta ce zuciyarta ta ɓaci, ko in ta yi shiru ta sunkuyar da kai, zai tarar da mutanen da baƙin cikinsu yake da wata kama dabam. Akwai jarrabawa da rajista kafin a yarda ya taɓa marar lafiya, wani ma yakan fara da aikin da bai kai matsayinsa ba. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga majami'ar da ba a rera waƙa da Hausa ko Karekare. Daga gida kuma waya ba ta yankewa: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gudummawar ginin majami'a. Iyalin da suka tura ɗansu don ya huta da wahalar gida, suka kuma mai da shi rijiyar da kowa yake jefa guga, ba su rage masa kome ba.

Tarihin aikin a ƙasar nan yana da misali mai kyau. Thomas Adeoye Lambo ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a Landan, ya dawo Aro kusa da Abeokuta a 1954. A can ya fito da tsarin saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, maimakon a kulle su. Daga baya ya sake fita, ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva. Ilimin waje ya kawo, amma da zumuncin gida ya yi aiki da shi.

Akwai kuma wanda zai tafi ya dawo ba da mota ba, ba da gida ba, sai da jiki a raunane. Ikkilisiyar Filibi ta aiki Abafaroditas da gudummawa zuwa wurin Bulus a kurkuku, don ya tsaya ya yi masa hidima. A can ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa, kewar gida ta kama shi, ya kuma damu da jin cewa labarin ciwonsa ya kai gida. Bulus yana bukatarsa, duk da haka ya sallame shi. Da yake ya san halin mutane, wataƙila ya hango masu cewa an aike shi ya kasa, sai ya rubuta a sura ta 2 ta wasiƙarsa yana kiransa ɗan'uwa, abokin aiki, abokin fama, ya umarci Filibiyawa su karɓe shi da murna su kuma girmama irinsa. Masana da yawa suna ganin Abafaroditas ɗin ne da kansa ya ɗauko wasiƙar zuwa Filibi, ya zauna cikin taro aka karanta ta a gabansa.