Ko Tauraro Ne Ke Zana Halin Mutum?

Ran 20 ga Fabrairu, 1962, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya kewaya duniya sau 3 cikin kumbo, bai ma cika awa 5 ba. Har a Kano aka kafa tashar bin sawunsa, ana magana da shi sa'anda ya ratsa bisa kanmu.

Masu duban taurari na Turai sun ce ranar haihuwa ke nuna hali. An haifi Glenn ran 18 ga Yuli, 1921, watau cikin burujin Ƙaguwa, wanda suka ce mutanensa masu noƙewa ne, masu son zaman gida. To, ga shi ya tuƙa jirgin sama cikin yaƙi biyu, ya kuma koma sararin sama a 1998 yana da shekara 77. Kadan muka faɗa masu haka, sai su ce, ai ya zauna da matarsa Annie shekara 73. Ko ta ina mutumin ya bi, suna da ƙofar fita. Awon da ba ya taɓa ƙin kowa, me ya auna?

Kada mu yi wa Turawa dariya, gama abin yana gidanmu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan wannan sani. A wajen Ƙofar Marusa ma akwai masu lissafta haruffan sunan saurayi da budurwa, su ce taurarinsu ba su gamu ba. Abin baƙin ciki, waɗansu masu bi sukan je wurinsu da dare, aure ya watse, yarinyar kuwa ba ta yi laifin kome ba.

'Yan'uwa, ku duba Farawa sura 25. Isuwa da Yakubu tagwaye ne, tauraronsu ɗaya, amma wannan maharbi, wancan mazaunin gida. Kuma kadan tauraro ya riga ya zana hali, don me za mu kira mashayi ga tuba? Sai ya ce haka aka haife shi.

Cikin tafiyar nan wata alama ta nuna garkuwar da ke tsare kumbon daga wuta ta kwance. Daga baya aka tarar alamar ce ta ɓaci, amma Glenn ya sauko cikin wutar bai san haka ba, hannunsa yana aikin da ya yi shekara 3 yana koyo.