Dare Ma Na Ubangiji Ne



Mun shiga lokacin jiran zuwan Ubangiji, wato Lahadi huɗu da Ikilisiya ta keɓe domin shirin Kirsimeti. Karatun Lahadi ta farko a kan dare da farkawa yake magana. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 13, Manzo Bulus yana tashe mu daga barci, yana gargaɗi a kan shashanci da maye da fasikanci da husuma. A Bisharar Matiyu kuwa, sura 24, Yesu ya kwatanta zuwansa da zuwan ɓarawo, wanda ba ya aiko da sanarwa.

Wannan karatu ya zo mana a kan gaɓa. A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan yanzu kaka ce. Masara da dawa sun shiga rumbu, ana saran rake ana lodinsa a manyan motoci, masu mazarƙwaila sun hura wuta, masu lambu kuma sun fara dashen tumatir. Kuɗi ya shigo hannu, hunturu ya sauko, aikin damina ya saki mutane. A irin wannan lokaci ne hirar dare take yin tsawo a unguwanninmu, saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu abin da muke yi tsakanin faɗuwar rana da kwanciya barci.

Iyayenmu sun ce dare mahutar bawa. Sun kuma ce dare rigar mugu. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya zaga gari bayan magariba zai gan su kafaɗa da kafaɗa. Zai ga mai shayi ya kafa teburinsa, dattawa na maganar farashin taki. Zai ga mai tsire da mai ƙosai suna neman abin ciyar da iyali, ɗalibi na karatu da fitilar caji, direba ya tsaya hutawa a Tashar Yari a kan hanyar Zariya zuwa Kano, ma'aikaciyar jinya na kwana a bakin aiki, 'yan sintiri na zagaye cikin sanyi domin wasu su yi barci. Waɗannan duka albarkar dare ce, Allah ya saka musu. Shi da kansa ya halicci dare, cikin dare kuma aka haifi Mai Cetonmu, makiyaya masu gadin garke ne suka fara jin labari.

Amma kaɗan gaba da teburin mai shayi akwai inda fitila ba ta kaiwa. Can ne buhun masarar da aka sha wuyar nomawa yake narkewa a gidan giya cikin mako guda, har watan Yuli ya zo yara na kwana da yunwa. Can ne saurayi yake zuba kuɗin acaɓarsa a cacar ƙwallo ta waya. Can ne yarinyar da aka ɗora wa talla take kaiwa ƙarfe goma ba ta koma gida ba, ba wanda ya fita nemanta. Can ne kuma ake miƙa wa yaro ƙwaya a ce za ta ƙara masa ƙarfin aiki. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya lalata matasa, musamman a Arewa. Doka ta yi nata, amma doka ba ta kwana a gidanka. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar da cewa shan ƙwaya ba bisa dalilin magani ba babban zunubi ne, sayar da ita a ɓoye kuwa haɗa hannu ne da mugunta. Game da giya, koyarwar ita ce kamun kai. Wanda shansa ya hana 'ya'yansa abinci da kuɗin makaranta ya riga ya wuce gona da iri, ko da tafiyarsa ba ta karkace ba.

Ku tuna da Bitrus a daren da aka kama Yesu. Sanyi ake yi, bayi da dogarai suka hura wuta a farfajiyar gidan babban firist, Bitrus ya matso yana jin ɗumi. Jin ɗumi ba laifi ba ne. Amma ya zauna cikin mutanen da ba ya so su san ko shi wane ne, da wata baiwa ta tambaye shi sai ya yi musu. Kafin zakara ya yi cara ya musanta Ubangijinsa sau uku. Haka yake faruwa da 'ya'yanmu. Ba wanda yake barin gida da niyyar lalacewa. Hira ya je, ko kallon ƙwallo, sai majalisa ta fi ƙarfinsa, kunyar abokai ta hana shi cewa a'a. Ya ku samari, ku duba wutar da kuke jin ɗumi a bakinta, ku duba waɗanda suka kewaye ta.

Ga iyayen da suka riga suka ga ɗansu ya kauce, kada ku fid da rai. Waliyyi Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ƙuruciyarsa ta sa mahaifiyarsa Monika kuka shekara da shekaru. Wani dare a birnin Kartaj ya yaudare ta, ya bar ta tana addu'a a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa ya nufi Roma. Ba ta daina addu'a ba, daga baya ma ta bi shi har Italiya. A 386, cikin wani lambu a Milan, ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan wannan sashe na Romawa 13 da muka ji a Misa, zuciyarsa ta juya. A daren Ista na 387 Bishof Ambros ya yi masa baftisma. Cikin dare ya gudu, cikin dare kuma Allah ya karɓe shi.

Farkawar da Ubangiji yake nema ta wuce ƙofar gidanmu, ta haɗa da maƙwabta. A farkon watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun afka wa masallaci a ƙauyen Saya-Saya, cikin ƙaramar hukumar Ikara, ana sallar isha'i, mutane bakwai suka rasa rayukansu a harin wannan dare. 'Yan'uwanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, hanya ɗaya muke bi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Unguwar da Kirista da Musulmi suka san juna, suke gaisawa, suke haɗa hannu wajen sintiri tare da mai unguwa da jami'an tsaro, baƙon mugu ba ya samun masauki a cikinta da sauƙi. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya koya mana a 1995 cewa Ikilisiya a Afirka iyalin Allah ce. A cikin iyali kuwa ɗa na kowa ne. In ka ga ɗan maƙwabcinka inda bai kamata ba, ka kira shi da sunansa, ka raka shi gida.

Saboda haka ina roƙonku abu uku kafin Kirsimeti. Na ɗaya, maigida ya ci tuwon dare tare da iyalinsa, ya san inda kowane yaro yake kafin a rufe ƙofa, uwa kuma ta sauke wa 'yarta talla da zarar rana ta faɗi. Na biyu, miji da mata su zauna su ware hatsin ci da iri da kuɗin makaranta tun kafin buhu ya tafi kasuwa. Na uku, kowane gida ya yi addu'ar dare tare, ko da goma ɗaya ta Rosari ce, kowa ya binciki zuciyarsa a kan yinin da ya wuce. Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyar matasa da katekis na kowace majami'a su tsara ziyarar gida gida da yamma, su fara da gidajen da aka daina ganin 'ya'yansu a coci. Wanda nauyi ya danne shi kuma ya zo ya furta zunubansa, Ubangijin da ya karɓi hawayen Bitrus yana jiransa.

Allah Maɗaukaki ya tsare garuruwanmu da ƙauyukanmu dare da rana, ya kāre masu gadinmu, ya komo da 'ya'yanmu gida lafiya. Uwarmu Budurwa Maryamu ta yi mana roƙo, domin in Ɗanta ya zo ya same mu a faɗake. Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.