Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, ya san kasuwar Sara, domin tana cikin manyan kasuwannin jihar. Ran da ta ci, ban da hatsi da dabbobi, ana ganin maƙera da garemaninsu da fartanyu, da masassaƙa da turame da ƙotoci, da teloli, da masu walda, da masu gyaran babur da injin ban-ruwa, har da samari masu gyaran wayar hannu. Da wuya a ga ɗayansu ba tare da wani yaro tsugune kusa da shi ba, yana miƙa masa kayan aiki, yana kallon yadda hannunsa ke tafiya. Wannan ita ce makarantar sana'a da ta fi kowace daɗewa a ƙasar Hausa. Ba ta da ƙararrawa, ba ta ba da takardar shaida, amma ba a taɓa jin an rufe ta don rashin malami ba.

A ɗaya gefen kuma ga makarantar sakandare, inda yaro ya kan shekara shida bisa benci. Sau da yawa ya kan fito da takarda a hannu, alhali kuwa bai iya sa wa fartanya ƙota ba. A ganinsa ya wuce noma, aikin ofis kuwa bai samu ba, sai ya zauna a tsakani, uban da ya sayar da hatsi ya biya masa kuɗin jarrabawa yana ci gaba da ciyar da shi. Saboda haka ne masu tunani suka daɗe suna neman a gama karatu da aikin hannu a makarantun karkara. Da ya ke kuma malaman sana'a ba su cika son zaman ƙauye ba, a wurare da yawa a kan dogara ga 'yan sa kai, watau mutanen da suka baro garinsu ko ƙasarsu suka zo koyarwa ba don kwaɗayin albashi ba. To, a nan ne tambaya ta ke. In baƙo ya zo ya koya wa 'ya'yan gari sana'a, ya yi shekara ɗaya ko biyu ya tafi, da me za a auna alherinsa? In kuma abin ya mutu bayan tafiyarsa, alhakin yana wuyan wa?

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. A shekarar 1909, sa'ad da Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun boko na Gwamnati a Nasarawa ta Kano, ya haɗa da sashen sana'a, inda aka koyar da ƙira da aikin kafinta da dukanci. 'Yan sa kai kuwa daga baya suka zo. A 1958 wani Bature mai suna Alec Dickson, shi da matarsa Mora, suka kafa ƙungiyar V.S.O. a Ingila, don aika samari da 'yan mata su yi aiki a ƙasashen da ke bukatar hannu. A 1961 Shugaban Amurka John Kennedy ya kafa tasa, wadda a ke kira Peace Corps, cikin shekarar nan kuwa rukuninsu na farko ya sauka Nijeriya. Suka bazu cikin makarantun sakandare, har da na Jihar Arewa, kowa ya yi shekara biyu ya koma gida, har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka janye yawancinsu. A 1973 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa bautar ƙasa, aka shiga tura waɗanda suka gama manyan makarantu zuwa jihohin da ba nasu ba, su yi shekara guda. Su dai doka ce ta aiko su, amma ga mutanen ƙauye duk ɗaya ne: baƙo ne mai ilmi, ya zo da ranar tafiyarsa a rubuce.

Akwai labari biyu da suka isa mai karatu ya yi awo da su. Na farko daga nesa ya ke, a kudancin Afirka, a ƙasar da yanzu a ke kira Botswana. Wani mutum mai suna Patrick van Rensburg, wanda ya ajiye aikin Gwamnatin Afirka ta Kudu don ƙin mulkin wariyar launin fata, ya zauna a garin Serowe, ya buɗe makarantar sakandare ta Swaneng a 1963. Kuɗi ba su da yawa, malamai kuwa da dama 'yan sa kai ne daga ƙasashen waje. Almajiran makarantar da kansu suka riƙa taimakawa wajen gina ɗakunan karatunsu. A 1965 ya kafa ƙungiyar magina domin yaran da ba su sami shiga sakandare ba. Suna koyon gini suna karɓar aikin gini a gari, abin da aka biya su da shi a ke ɗaukar nauyin koyarwar. Daga gini aka wuce zuwa aikin kafinta da noma da saƙa, wasu garuruwa suka gani suka kafa nasu. 'Yan sa kan nan sun koma gidajensu, amma koyarwar ba ta bi su ba, domin tun farko an ɗaure ta da bukatar gari, an kuma sa ta a hannun 'yan gari.

Labari na biyu na gida ne. A 1982 Nijeriya ta soma sabon tsarin makarantu, wanda ya ce kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. Niyya kyakkyawa ce. Gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki masu tsada daga ƙasashen Turai, aka rarraba wa makarantu. Sai dai makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su da wutar lantarki, ba su da ɗakin da za a girka injunan, ba su kuma da malamin da ya iya su. Akwatuna da dama suka shekara ba a buɗe ba, har tsatsa da gara da ɓarayi suka raba su. A lokacin nan kuwa, ƙila ba nisa da katangar makarantar, akwai maƙeri yana zuga wutarsa da zuga-zugi, babu wanda ya tuna ya kira shi.

In an jera labaran nan biyu, za a ga cewa yawan kaya ba shi ne ke raya koyarwa ba. Abin da ke raya ta shi ne a sami mutumin da zai riƙe ta ran da mai kawowa ya juya baya. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana da amfani, tana sanyaya shuka da sassafe, amma da hantsi ya yi ta tafi. Kaba kuwa saiwarta tana can ƙasa, rani ya zo ya wuce tana nan kore, a yanke ta a yi tabarma da igiya, ta sake tofowa. Saboda haka alherin ɗan sa kai ba a auna shi a ranar bikin sallama, lokacin da a ke jawabi ana yabo. Sai a dawo bayan shekara uku, a duba ko ɗakin aikin yana buɗe, a tambaya wa ke koyarwa a ciki.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, domin iyaye ba don koyon sassaƙa suka kai 'ya'yansu makaranta ba. Maganarsa tana da ƙarfi. A 1965 wani masani mai suna Philip Foster, bayan ya yi bincike a ƙasar Gana, ya nuna cewa yara suna gudun darasin sana'a ne domin sun ga wanda ya yi karatun littafi shi ke samun albashi da girma, kuma makaranta ita kaɗai ba ta iya sāke wannan. Mutanen ƙasar Birnin Kudu ma sun ga irin manyan ma'aikatan da kwalejin Gwamnati ta garin ta yaye, ba laifinsu ba ne in sun yi wa 'ya'yansu fatan haka. Amma abin da maganar nan ta ke koyarwa shi ne kada a yaudari yaro. In an ce masa ya koyi sana'a, to, a koya masa wadda kasuwa ke nema, har ya kai ga yin abin da mutum zai sa hannu a aljihu ya saya. Kujerar da aka yi don malami ya ba da maki, aka jefa ta bayan aji, ba ta koya wa kowa kome ba sai raina aikin hannu. Kujerar da aka kai kasuwar Sara aka yi cinikinta, ita ce ke shaida wa yaro da ubansa cewa a hannu akwai abinci. Ba kuwa a ce ya bar littafi ba. Guraben ofis kaɗan ne, masu nema da yawa, wanda ya haɗa biyu kuwa in ɗaya ta ƙi ya kama ɗaya.

To, mene ne hakkin da ke kan baƙo? Na farko shi ne ya san ba kango ya tarar ba. Kafin ya buɗe akwatinsa, ya kamata ya zaga gari ya gai da maƙera da kafintoci da teloli, ya ga abin da suka iya da abin da ya gagare su. Sau da yawa zai tarar sun fi shi hannu nesa ba kusa ba. Abin da zai ƙara musu shi ne awo na daidai, da karanta zane, da lissafin kuɗin kaya da riba, da hanyoyin tsare ido da yatsu daga haɗari. Sa'an nan ya guji kawo injin da in ya lalace sai an aika wata ƙasa neman abin gyara. Zarto da guduma da keken ɗinki na ƙafa, waɗanda a ke iya gyarawa a kasuwa, sun fi injin da ke jiran wutar da ba ta zuwa. Abin da ya fi duka wuya kuma shi ne ya yarda ya zama wanda za a iya yi ba da shi ba. Zuciyar ɗan Adam tana son a ce in ba wane ba abin ba ya yiwuwa. Mai taimako na gaskiya kuwa tun ran da ya sauka ya ke neman magajinsa, ya ja shi a jiki, ya bar masa mabuɗi tun yana nan, don ya ga kuskurensa ya gyara masa. Wanda ya riƙe kome a hannunsa har ranar tafiya, ko da niyyarsa fara ce, ya gina wa kansa suna ne, gari kuwa ya bar shi inda ya same shi.

Hakkin da ke kan 'yan gari ya fi wannan nauyi, domin 'ya'yan nasu ne. Bahaushe ya san aikin sa kai tun kafin a kafa masa ƙungiya a Turai, shi ne gayya. Amma a gayya mai gona ne ke fara isa, shi ke nuna kunya inda za a bi, gidansa ke dafa abinci, in kuma an kira gayyar wani ya ɗauki garmarsa ya tafi. Ba a taɓa jin mai gona ya kwanta a inuwa yana kallon masu gayya ba, sai ya zama abin dariya. Haka garin da ya bar baƙo shi kaɗai da ɗakin aiki, ba mai leƙowa, ba mai ba da ko katako guda, in ya tafi kuma a ce Gwamnati ta yi sakaci. Gwamnati tana da nata laifi in ta yi, amma rufin da iska ta yaye ba ya bukatar takarda daga Dutse kafin a buga masa ƙusa.

Akwai kuma wani abu da ya fi rufi. Muddin mutanen gari suna ganin maƙeri bai isa ya tsaya gaban aji ba don ba shi da takarda, to, sun rufe wa kansu ƙofar da ta fi kusa. Me zai hana shugaban makaranta da iyayen yara su roƙi gwanin walda ko gwanar ɗinki ta gari su zo rana ɗaya a mako, a ba su ɗan abin hasafi, a kira su malamai a gaban yara? Yaron da ya ga an girmama mai sana'a a makaranta ba zai ji kunyar sana'ar ubansa ba. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, domin macen da ta iya ɗinki ko saƙa ko sarrafa gyaɗa, ta kuma iya rubuta abin da ta kashe da abin da ta samu, ba ta rasa na cefane ko tana cikin gida. Magidancin da ya koyi karatu da girmansa, bayan hannunsa ya riga ya yi kanta da aiki, shi ya fi kowa sanin cewa alƙalami da guduma ba su gaba da juna, shi ya kamata ya fara faɗin haka a taron iyayen yara.

Amsar tambayar ke nan. Baƙon da ya zo koyar da sana'a ya cancanci godiya da kyakkyawan masauki, ko da ya ke shi ma yana ƙaruwa da harshe da sanin duniya, wannan kuwa ba aibi ba ne. In ya tafi bai bar magaji ba, da saura a aikinsa. In kuwa ya bar magaji da kayan aiki, aka wayi gari ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina, to, alhakin ya sauka daga wuyansa ya hau na masu gari. Allah ya ba da baƙi na kirki, ya kuma ba garuruwa mutanen da za su riƙe abin da aka bar musu.