Gani Ya Kori Ji?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar nan gaskiya ce a kasuwar Kurmi, inda mai sayen riga ya kan buɗe ta, ya juya, ya duba ciki da baya. Amma ga hoton majigi da sauran magana.

A zamanin Turawa motar majigi ta kan tsaya a ƙofar fada in dare ya yi, a kafa farin ƙyalle, mai bayani ya riƙe lasifika. Da yawa daga hotunan nan aikin wata ma'aikata ce da aka kafa a London cikin 1939, ƙarƙashin William Sellers. Sau da yawa mutum biyu a kan nuna, mai hankali da wawa. Ga misali, mai hankali ya kai ɗansa asibiti, sai a matso da fuskarsa, a daɗe a kanta, yaro yana dariya. Wawa ya nufi gidan boka, sai a yanke, a nuna makara. Jama'a su yi ta tsaki.

To, asibiti abin kirki ne, ba mai musu. Amma fa tafiyar yini biyu da ke tsakanin ƙauyen mutumin nan da asibiti ba ta fito a ƙyalle ba. Hoton majigi doguwar igiya ce, a kan sa almakashi a yanke, a liƙa wannan da wancan, mai almakashin nan kuwa shi ke raba tausayi. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Mai kallo kuwa tun bai tashi daga tabarma ba ya gama shari'a, yana tsammani da idonsa ya gani.

Har mai wasan kansa bai tsira ba. Paul Robeson, shahararren mawaƙi baƙar fata na Amurka, ya yarda ya fito a Sanders of the River na 1935, labarin da aka ɗora a kan Nijeriya, bisa zaton za a nuna mutanen Afirka da mutunci. Da aka gama yanka da liƙi, sai ga shi yabon Baturen mulki ne, shi kuwa sarki ne mai biyayya. Fuska tasa ce, murya tasa, amma ya fito fili ya barranta da hoton.